Mai Kan Tulu da Makullin Ƙofar Ruwa

Ina gode wa Allah da ya ja kwanana har na iso wannan babi, domin shi ne wanda na fi daɗewa ina ja da baya wajen rubutawa. Da Ajami nake rubuta shi kamar sauran, jikata Asma'u ce za ta mayar muku da shi boko. Na san abin da kuka ji a gari game da shekarar da aka karɓe makullin ƙofar ruwa daga hannuna. Wasu sun ce tsoro na ji, wasu sun ce lallashina aka yi, wasu kuma sun ce tsufa ne ya fara taɓa ni har na koma kallon wasan yara a kwamfuta. Na ƙarshen nan sun fi kusa da gaskiya, amma bari ku ji yadda abin ya kasance daga bakina.

Ku da kuka tashi kuka tarar da kanal ba za ku san darajarsa kamar mu ba. Mu mun yi ban ruwa da jigo, mutum ya wuni yana ɗaga guga har kafaɗarsa ta mutu, bai shayar da abin da ya wuce 'yan fangali ba. Da aka yi dam a Goronyo aka jawo ruwa ya ratsa ta bayan garinmu, sai rani ya zama wata damina ta biyu. Ƙaramin kanal ɗin da muke sha ya rabu gida biyu. Mu da gonakinmu ke farkonsa ana ce mana 'yan kai, mutanen tungar da ke gangare kuma, waɗanda ruwa ke isa gare su daga ƙarshe, ana ce musu 'yan wutsiya. A tsakaninmu akwai ƙofa ta ƙarfe mai sitiyari a samanta. Idan an murɗa ta sauka, ruwa ya tsaya wajenmu, idan an ɗaga ta ya gangara wajensu. Ƙa'idar da muka yi tun farko ita ce kwana biyu namu, kwana biyu nasu. Ana kulle sitiyarin da sarƙa da kwaɗo, makullin kuwa ɓangarorin biyu suka haɗu suka ba ni, suka ce malami ba zai ci amanar ruwa ba. Na riƙe shi shekara goma sha biyu ba wanda ya taɓa kawo ƙarata.

A ranin da nake ba ku labari ruwan kanal ya yi ƙasa, kuma kusan kowa albasa ya dasa, ta kai lokacin da take ɗaura kai, lokacin da ba ta yafe ƙishi. Autana Bashiru yana gida, makarantarsu ta Sakkwato ana yajin aiki. Wata safiya a kwananmu na ruwa, bayan an fito sallar asuba, ya tafi duba gona. Sai ya tarar da wani saurayi ɗan wutsiya mai suna Ɗanjuma ya sare gaɓar kanal da fartanya a gefen ƙofar, ruwa na zagaye ta yana gangarawa. Magana ta kawo magana, Bashiru ya sunkuya zai toshe wurin, Ɗanjuma ya ɗaga ƙotar fartanya ya sauke masa a ƙwauri. A kan amalanke aka kawo mini shi, ƙafar tana lilo. Kafin mai ɗori ya gama jera karare ya ɗaure, Ɗanjuma ya bar ƙasar, ba wanda ya ga inda ya nufa.

Ban yi ihu ba, ban zagi kowa ba. Na sa aka toshe gaɓar, na murɗa ƙofar har ƙasa, na kulle, na aika wa 'yan wutsiya cewa ba za a ɗaga ta ba sai sun kawo Ɗanjuma. 'Yan kai suka yaba mini, musamman ɗan baffana Ummaru, wanda ya riƙa yawo yana cewa yau an san gidanmu da maza. Ni kuma na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye muku ba.

Bashiru yana kwance a zaure, domin nan iska ta fi shiga. Wani abokin karatunsa ya zo dubiya ya bar masa aron kwamfuta da abin dannawa mai igiya, wai ya riƙa buga gem kada zaman ya ishe shi. Kullum da safe a kai ta shagon mai caji, da hantsi a dawo da ita. Da fari na ƙi abin. Na ce a kashe kiɗan, aka kashe, na kuma riƙa zama nesa ina jan carbi. To amma ina zuwa yi masa tofi a ƙafar bayan kowace azahar, kuma ido ba ya jin magana. A hankali na gane cewa labari ne ake bi. Akwai wasu jarumai masu baiwa, wata mace mai jefa walƙiya daga tafin hannunta, da wani saurayi mai tashi sama kamar shirwa, shi ne wanda Bashiru ke juyawa da yatsunsa. Abokin gabarsu wani halitta ne da ya fito daga can cikin taurari, dogo, fatarsa kamar toka, ido ɗaya tsiyaye, yana yawo a jirgin da ya fi gari girma yana tarwatsa duniyoyi. Sunansa na Turanci ya ƙi zama a bakina. Innarku ce ta raɗa masa wanda ya bi shi, ranar da ta kawo kunu ta leƙa.

"Wanga mai kan tulu fa, mi anka yi mai yaka ta ɓarna hakanga?"

"Ido anka tsiyaye mai, Inna."

"Ido guda? To ai ga wani nan shina gani da shi. Wanga ko uwa ba shi da ita da za ta ce mai ya isa?"

Bashiru ya yi dariya har ƙafar ta motsa ya koma cije baki. Daga ranar kowa a gidan Mai Kan Tulu yake ce masa.

A kwana na shida da rufe ƙofa, Malam Maccido, dattijon 'yan wutsiya, ya zo da mutum biyu. Ya girme ni, mun yi karatu a gaban malami ɗaya a Wurno muna samari. Na shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida, na sa aka kawo musu ruwan randa mai sanyi, muka gaisa gaisuwa mai tsawo. Suka shiga suka duba Bashiru suka yi masa addu'a. Sannan Malam Maccido ya ce:

"Malam Haliru, abin da yaron ga ya yi, ba mu da bakin kare shi. Wallahi da mun san inda shike da mun ɗauro shi mun kawo ma. Mun aika Rabah, mun aika Shinaka wajen dangin ubanai, babu labari. Albasa ta hwara sunkuyawa. Har ta uwatai tana ciki, tsohuwar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba."

Na saurare shi har ya gama, sannan na amsa da murya mai taushi, ina jin kaina mutum mai haƙuri da adalci.

"Malam, ni ba ni da gaba da kowa cikinku. Ba ni nir rufe muku ruwa ba, Ɗanjuma ya rufe muku shi. Ku kawo shi, in ɗaga ƙofa da hannuna."

Ya daɗe yana dubana. Sannan ya shanye ruwan da ke cikin moɗa, ya yi godiya, suka tashi. Zauren da Bashiru ke kwance a bayana yake, duk abin da aka faɗa ya ji. Na san ayoyin da suka yi magana a kan irin wannan hukunci, na karantar da su shekara da shekaru, amma a kwanakin nan ko ɗaya ba ta faɗo mini a rai ba.

A kwana na tara, bayan azahar, na gama tofi zan tashi sai Bashiru ya ce:

"Baba, ɗan tsaya ka ga wurin ga. In hwassara ma."

Na koma na zauna. A fuskar kwamfutar sai ga wata duniya kore shar, da gulabe da fadamu kamar namu bayan damina. Mutanenta shuɗaye ne masu dogayen kunnuwa, amma noma suke yi, ga kasuwa, ga mata na wanki a bakin ruwa, ga yara na tsere. Sai inuwa ta rufe su, jirgin Mai Kan Tulu ya tare rana. Ya sauko shi kaɗai, ba runduna. Dattawan duniyar suka fito suka durƙusa. Bashiru ya ce labari ya kai masa cewa mayaƙin da ya tsiyaye masa ido ɗan wannan duniya ne, shi ya zo nema. Dattawan suna rantsuwa cewa ya daɗe da barinsu, ba su san tauraron da ya faɗa ba.

Abin da ya fara tayar mini da tsigar jiki shi ne bai yi tsawa ba. Azzaluman da na sani a ƙissoshi masu hargowa ne, masu zare ido. Wannan kuwa hannu ya miƙa ya ɗaga babban dattijon ya tsayar da shi, har ya kakkaɓe masa ƙura a kafaɗa. Ya yi magana a hankali, kamar mai yi wa maras lafiya sannu.

"Mi yac ce?" na tambaya.

Bashiru bai dube ni ba, idonsa na kan kwamfutar.

"Ya ce ba ya da gaba da kowa cikinsu. Ya ce abin da za ya same su ba shi ya jawo musu ba, ɗan'uwansu ya jawo musu. In sun kawo shi, za ya tahi ya bar su lahiya."

Daga nan ya ɗaga hannu ɗaya, ruwan duniyar ya fara tashi sama. Gulabe suka miƙe kamar igiyoyi suna shigewa cikin jirgin. Na ga kifaye suna birgima a taɓo, na ga taɓon ya bushe ya tsage, na ga shuka ta sunkuya ta yi fari. Wata mace tana tona yashi da hannu a inda gulbi yake ɗazu, ɗanta a baya. Bai kashe su nan take ba, da gangan ya bar su kwana uku suna kallon abinsu yana mutuwa, shi kuma yana zaune a kan dutse ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya, yana jira. Na waiga na ga Bashiru ya ajiye abin dannawar a kan cikinsa.

"Kai, ina yaron naka mai tashi? Ɗauki ka danna mana! Ka bari shina kashe mutane?"

"Nan ba a taɓa komi, Baba. Ko na danna ba ya yi. Haka anka tsara wurin, kallo kawai aka yi."

"Ba wanda za ya hana shi?"

"Babu. Sai in shi da kainai ya ga dama."

Bai ga dama ba. A rana ta uku ya koma jirginsa, ya ɗauki dattijon nan shi kaɗai ya sa shi a wani ɗaki na gilashi inda zai ga komai, sannan ya saki wata wuta ta huda duniyar ta fashe kamar ƙwai. Bashiru ya ce haka yake yi a ko'ina, yakan bar mutum ɗaya da rai don ya ba da labari. Dattijon yana dukan gilashin da tafin hannu, ba a jin muryarsa. Mai Kan Tulu ya tsaya a gefensa yana kallo tare da shi, fuskarsa a sake, irin ta wanda ya tabbata bai zalunci kowa ba.

Makullin yana aljihun rigata na gefe, kuma a zaunen da nake ya danne mini cinya, ina jin sanyinsa. Na san abin nan zane ne, wasu mutane ne a wata ƙasa suka zauna suka ƙirƙira shi don samari su yi nishaɗi. Amma kalmomin da ya faɗa ban ji su a matsayin baƙi ba, kwana uku da suka wuce suka fita daga bakina a ƙofar gidan nan, da irin wannan taushin murya. Sai na ce:

"Bashiru, ƙahwarka fa? A bar Ɗanjuma ya sha banza ke nan?"

"Ƙahwata tana ɗoruwa, Baba. Albasa ba a yi mata ɗori."

Sai bayan shekaru Innarku ta gaya mini, tana dariya, cewa yaron ya wuce wannan wuri a gem ɗin tun kwana huɗu kafin nan. Ya rasa yadda zai dubi idon ubansa ya ce masa ya yi kuskure, ita ma ta gwada sau biyu na ce mata maganar maza ce. Shi ne ya koma farkon wasan, ya kwana biyu yana sake bi har ya iso wurin, ya tsayar da shi yana jiran in zo tofi. Na tambaye ta ko fassarar ma shi ya gyara ta don ta dace da ni. Ta ce ita ma ta tambaye shi, ya rantse haka halittar ya faɗa. Har yau ina gode wa Allah da ya ba ni ɗa mai kunya wanda kunyar ba ta hana shi neman hanya ba.

Na yi la'asar na nufi ƙofar ruwa. Labari ya riga ni, domin na tarar da Ummaru da wasu 'yan kai a wurin. Ya tsaya a gaban sitiyarin.

"Yaya Malam, mi za ka yi? Sun kawo shi?"

"Ba su kawo shi ba."

"To jinin gidanmu ya zuba banza? Gobe wani ya karya min nawa ɗa, ka ba shi ruwa ya sha?"

"Ummaru, in Ɗanjuma ya dawo, ni da kai za mu kai shi gaban alƙali. Amma ba don in rama ma ɗana anka ba ni makullin ga ba. Gusa."

Ya gusa, amma ya tofar da yawu a gefe. Na buɗe kwaɗon na zare sarƙar. Sitiyarin ya cije saboda kwana tara ba a taɓa shi ba, na murɗa ya ƙi, ba kuma wanda ya matso ya kama mini. Sai da na sa kafaɗa ya yi ƙara ya juya. A nan na yi kuskure na biyu, kuma ina so ku sani. Cikin zafin nadama na ce ƙofar za ta zauna a ɗage kwana huɗu, har da kwana biyun 'yan kai, ban shawarci kowa ba. Nawa rabon ina da ikon bayarwa, na kuwa toshe bakin gonata har ƙarshen ranin, albasarmu ta shekarar ba ta yi kai ba, kun tuna shekarar da muka ci tuwo ba mai. Amma rabon maƙwabtana ba nawa ba ne. A kan wannan suka taru bayan sati suka karɓe makullin, kuma suna da gaskiya. Ummaru ya yi shekara biyu ba ya shigowa gidan nan. Ɗanjuma bai dawo ba sai bayan rasuwar uwarsa, a lokacin Bashiru ya ce shi ya yafe, ƙafar da yake ɗan ja har yau kuwa kun san ta.

A yammacin nan dai ban koma gida ba, na bi ruwan da ƙafa. Ban taɓa sanin yadda ruwa ke tafiya a busasshen kanal ba sai ranar. Ba gudu yake yi ba. Kowace tsaga sai ta sha ta ƙoshi kafin ya wuce, yana tura kara da busasshen ganye a gabansa, ƙasa na ƙara kamar ana soya abu. Tafiyar da nake yi a ɗan lokaci kaɗan sai da ta kai mu faɗuwar rana. Mutanen wutsiya suka fito suka tsaya a bakin gonakinsu da fartanyu, maza da mata, kowa na jiran ya iso ya buɗe masa hanya. Ba wanda ya zage ni, ba kuma wanda ya gaishe ni. Na riƙa kallon albasar. Wasu gonakin ganyen ya yi rawaya daga sama amma gindin da sauran kore, waɗannan sun tashi daga baya, ko da yake da yawa kawunan sun tsage. Wasu kuwa sun riga sun kwanta. Alhamdu lillahi, waɗanda suka tashi sun fi yawa, kuma Malam Maccido ya gaya mini daga baya cewa da an ƙara kwana biyu da ba a tsinci komai ba.

Gonarsa ce ta kusa da ƙarshe, daga ita sai ta uwar Ɗanjuma. Na same shi tsaye a bakin kanal da fartanya. Albasarsa ta kwanta fari fat, ƙasar wajen yashi ce, ba ta riƙe danshi. Ruwan ya iso daidai bakin gonarsa, na jira ya sare ya shigar da shi, sai na ga ya ƙara tara ƙasa ya toshe.

"Malam, ba ka buɗewa?"

"Tawa ta tahi tun shekaranjiya. Bari ya wuce ga ta tsohuwar can, ita da sauran rai."

Na ce masa ni na kashe masa gona, ba Ɗanjuma ba. Ya ce ya sani. Ya ce ya kuma san wanda ya ɗaga ƙofar. Muna tsaye har ruwan ya shiga fangalin farko na tsohuwar, muna jin ta tana kiran jikokinta su kawo fartanya. Daga tunga aka kira magariba. Malam Maccido ya ajiye fartanyarsa ya tsuguna a bakin kanal ya naɗe hannun riga.

"Taho mu yi alwala. Da laka cikinai, amma mai tsarki na."

Muka yi alwala da ruwan, ya shimfiɗa rawaninsa a kan gaɓa, wasu manoma uku suka zo suka tsaya. Ya nuna mini gaba, domin a wajen karatu na fi shi nisa kuma kullum muka haɗu ni nake ja. Na ce masa yau ba zan iya ba. Bai yi mini musu ba, ya shiga gaba ya tayar da kabbara, ni kuma na tsaya a bayansa cikin sahun 'yan wutsiya.